Yafiyar da Ta Kusa Cinye Mini Gona

Na san wasunku za su ce Tasi'u ya fara, don an san ni da ƙara wa labari gishiri. To na ji, ina ƙarawa. Amma wannan karon ko kun tsame gishirin, abin da ya rage ya isa ku riƙe baki. Ku yarda ko kar ku yarda: kalma ɗaya na furta a bakin wani shataletale a ƙasar Larabawa, kalmar da tun ina yaro ake ce mini lada ake samu da ita, ta kusa raba ni da gonar ubana da ke gabas da Gezawa. Wanda ya ce ƙarya ne ya hau mota ya je Kunci ya nemi Malam Isyaku mai ɗingishi. Shi ko a mafarki ba ya ƙarya, kuma yana kujerar gaba aka yi komai.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Shekarun nan ne da taki ya fi ƙarfin manomi, mai ya fi ƙarfin direba. Ni kuwa ga ni manomi ga ni direba, abin ya haɗe mini biyu. Bas ɗin da nake ja daga Gezawa zuwa cikin gari, mai ita ya sayar ya sayi hatsi. Sai wani dillalin biza ya ce akwai attajirin da yake neman direba, mota mai sanyi, abinci sau uku har da tuffa.

Mu a gida duk ƙasar Dubai muke ce mata. To dogayen benayen nan da kuke gani a waya, ni ma a waya na ci gaba da ganinsu. Daga filin jirgi aka zuba mu a wata bas aka nausa da mu cikin rairayi, muka yi ta tafiya har na fara zaton gida za a mai da mu ta ƙasa. Da aka tsaya na tambayi ina attajirin. Aka nuna mini awaki. Wallahi sun fi mutanen garinmu yawa, har da na ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Aikina in ɗebo musu ciyawa da dusa a mota, safe da yamma. Dillalin bai yi ƙarya duka ba, direba na zama. Tuffar ce har na baro ƙasar ban ga ko ɓawonta ba.

Zafi kuwa ba a magana. Ka ajiye ƙwai a bonet ka zaga ka kama ruwa, ka dawo ka tarar har ya fara ƙauri. Amma ba zafin ne ya fi ci mini rai ba, shirun ne. A garinmu in ka yi atishawa a gonarka, na gonar kusa zai yi maka addu'a, na gaba da shi ya ɗago ya tambaya ko mura ce. Can kuwa ka yi ihu iya ƙarfinka, akuya ce kaɗai za ta waiwayo, ita ma don ta ga ko dusa ka kawo. Wata rana aka yi ɗan yayyafi, irin wanda ko ƙasa bai jiƙa ba. Na fito na tsaya ina shaƙa, ina jiran ƙamshin nan na ruwan farko. Babu. Rairayi ba ya ƙamshi. Na koma cikin mota na rufe gilashi na yi kukana, na share fuska na ce wa mutane ƙura ce.

Mutum biyu ne suka riƙe ni. Akwai mai dafa mana abinci, ɗan Bangaladash, da ya lura ina kankare gindin tukunya, daga ranar kullum sai ya ajiye mini ƙanzon shinkafa a leda da ɗan barkono. Ba ma jin yaren juna, sai dai ya miƙo in dafa ƙirji. Sai Malam Isyaku, mutumin Kunci, dattijo ne ya girme ni nesa, shi yake ba awakin magani kuma shi yake ja mana salla. Wani bunsuru ya taɓa nausar sa a gwiwa, shi ne ɗingishin. Larabcinsa na littafi ne. In ya je sayen burodi sai mai kanti ya gyara tsayuwa, ya zaci huɗuba za a fara.

Muna cikin shekara ta uku aka ce an sayar da gonar, sabon mai ita ba ya bukatar mu. Aka ba kowa fasfonsa da tikitin gida da ɗan abin sallama. Ni da Malam jirginmu ɗaya, ranar Alhamis da yamma.

A satin ne Baffa Sale ya kira ni. Ƙanin mahaifina ne, shi yake riƙe mini gonar tun da na tafi.

"Tasi'u, ana ta haɗa hadari."

"Allah ya saukar mana da alheri, Baffa."

"Amin. Ka ji ni da kyau. Ƙarfina ya ƙare, ba zan iya noma biyu bana ba. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, Nura zan ba wa aro. Ba zan bar ƙasa ta kwana ba."

Nura ɗansa ne, kuma ba mugu ba ne. Amma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san me aron gona yake nufi. Gonakinmu kafaɗa da kafaɗa suke, tsakanin taka da ta wani layin gamba ne kawai, a kan taku ɗaya ma sai a yi shekara ba a gaisa ba. Mutum ya kai takinsa ya zuba, ba ka isa ka ce ya tashi bana ba, sai ya ci takinsa. Baɗi ya ƙara wani. Haka har 'ya'yanka su taso ana nuna musu ita da yatsa ana cewa da can ta kakanku ce. Na ce, "Baffa, Juma'a a masallacin garinmu zan yi ta."

To ga kaya. Manajan gonar ya bar mini wani tsohon injin ban ruwa, Malam kuma ya sayi keken ɗinki na hannu zai kai wa iyalinsa. Dole a kai su ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a cikin gari, ga mai tasi yana ganin injin zai ƙara wuta. Shi ne ranar Litinin muka je inda ake ba da hayar mota ka tuƙa da kanka. Ɗan shago ne ƙarami, da wani Ba'indiye siriri a bayan tebur, jan biro a maƙale a kunne. Ni Jan Biro na sa masa.

Ya duba lasina ya ce lafiya. Ya ce katin banki. Na ce ba ni da irin wanda yake nufi. Ya ce to in bar fasfo, in na dawo da mota in karɓa. Na miƙa, ya jefa a durowa ya murɗa makulli. Sannan ya jero mini takardu uku ya ce in zaɓi inshora.

Na kusa yin dariya. Inshora a saninmu takarda ce da ake ninkewa a cusa a aljihun mota don a nuna wa masu tare hanya. Duk shekarun da na yi ina tuƙi a gida ban taɓa ganin wanda inshora ta saya wa ko madubin gefe ba. Amma Jan Biro da gaske yake, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan Larabcinsa da ɗan Turancinsa.

Ta farko, in ji shi, ta dole ce, kuma ta wanda ka buge ce kawai. In ka naushi motar wani za a gyara masa. Tasu motar da ke hannunka kuwa, kai da Allahnka. Ta biyu za a gyara motar, amma kai za ka fara zuba wani kaso daga aljihunka su ƙarasa, in ɓarnar ƙarama ce ma a kasonka za ta ƙare. Ta uku ita ce hajiyar. Taya ta fashe, gilashi ya tsage, ƙofa ta lotsa, ko sitiyari kaɗai ka dawo da shi a hannu, ka ajiye makulli ka kama gabanka.

Malam ya ja ni gefe. "Tasi'u, ni abin nan ban natsu da shi ba. Mutum ya biya a kan abin da bai faru ba? Ɗauki ta dolen nan, mu yi addu'ar hawa abin hawa mu tafi."

Na ce, "Malam, addu'a ita ce gaba, kai za ka ja mana. Amma ka ga durowar can? Gonata ce a ciki. Ba na son ko ƙuda ya sauka a motar nan a ce sai na tsaya lissafi."

Na ɗauki hajiyar. Kuɗin atamfar da zan saya wa Innata ne suka tafi, na ce a raina za ta fahimta. Ina sa hannu Jan Biro ya zaro biron daga kunne ya ja layi a ƙarƙashin wani rubutu, har sau biyu. Ya ce, "Komai ya faru, ko kaza ce ta goge ka, kar ka motsa. Kira 'yan sanda, karɓo takarda."

Kar wani ya ce yare ne ya ba ni matsala. Na ji sarai, na gane sarai. Na dai ɗauke ta irin rubutun da ake yi a jikin bas, banda lodin wuce ƙa'ida. Na ce masa to.

Muka kai kaya kago lafiya. Muna dawowa bayan azahar, ina ta ba Malam labarin yadda zan shiga garinmu da injin ban ruwa mutane su riƙa ce mini Alhaji ko ban je ba, muka shiga wani shataletale kusa da kasuwar kayan miya. Hannuna ne, ina cikin da'ira. Sai ji na yi ƙum! Motar ta yi gefe. Malam ya saki salati.

Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta shigo mana ta ƙofar baya, ta lotsa ta ciki kamar an taka gwangwanin madara. Kokwamba ta watse a titi ko'ina. Na fito da niyyar in zazzage wa direban duk abin da na koya a tasha, sai na ga wanda ya fito. Tsoho ne tukuf, ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle. Ya zo ya kama haɓata da hannu biyu yana magana, idonsa ya kawo ruwa. Ban ji abin da yake cewa ba, amma ai ba sai an fassara ba.

To ku gaya mini, ɗan gidan mutunci me zai yi? A wajenmu in aka yi karo, abin da ake fara dubawa rai ne. An ji ciwo? Ba a ji ba. Alhamdu lillahi, ƙarfe ne ya taɓa ƙarfe. Mutane su taru, a ce a yi haƙuri, tsautsayi ne. Wanda ya tashi kiran 'yan sanda a kan sa'an ubansa, har ya mutu ana nuna shi. Ga shi kuma ni ina da hajiyar inshora a aljihu, me zai dame ni?

Na cire hannunsa daga haɓata na riƙe. Na ce, "Baba, na yafe. Je ka, Allah ya tsare gaba." Malam ya juya masa da Larabcin huɗuba. Muka durƙusa mu uku muka tsince kokwambar nan tas, motoci suna ta yi mana ham. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a muka shafa. Tsohon ya cusa mana kwando guda a bayan mota, na ƙi, ya rantse, na karɓa. Muka rabu. Wallahi a hanya ji nake kamar a ɗaga ni sama, har ina ce wa Malam yau na nuna wa duniya tarbiyyar Gezawa.

Na faka a ƙofar shago na shiga ina kaɗa makulli a yatsa. Jan Biro ya fita ya zagaya motar, ya dawo ya miƙo hannu.

"Takardar 'yan sanda."

"Ai mun sasanta. Tsoho ne, na yafe masa."

Ya dube ni, ya jawo takardar da na sa wa hannu ya ɗora yatsa a kan jan layin nan. Ya ce in babu takardar 'yan sanda, babu inshora. Ba ta uku ba, ko ta goma na saya. Masu inshora ba su san sulhu ba, takarda suka sani, wadda za ta ce ga mai laifi ga marar laifi. Ba ita, gyara a kaina, da kuɗin kwanakin da motar za ta yi a gareji. Ya rubuta adadin ya juyo mini. Ba zan faɗa muku ba, don za ku ce gishiri ne. Ku dai sani ko an sayar da ni da injin da keken Malam ba za a haɗa ba.

"To fasfona?"

Ya kalli durowa, ya kalle ni. "Ni ma ɗan aiki ne. In na ba ka, daga albashina za a cire."

Na zauna a kujerar roba. Litinin ce. Jirgi Alhamis. In ya tashi ba ni, ba ni da kuɗin wani tikitin, takardar zamana an soke ta, daminar bana kuma a waya zan ji labarinta.

Jan Biro ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya aika aka kawo mana shayi. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce wasu sukan je su ce fakawa suka yi suka shiga kanti, suka fito suka tarar an buge. Shi dai bai ce in yi ba, labari yake ba ni.

Muna fita na ce, "Malam, ka ji dabara."

"Na ji."

"Magana ɗaya ce, minti biyu."

"Tasi'u, ina cikin motar nan. In aka tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

"Wa zai tambaye ka? Ka zauna a gida ka ce gwiwarka ce ta tashi."

"Ita ma ƙaryar in yi maka? Sannan ƙasar da kowace falwaya da kyamara a kai? Za su nuna maka kanka kana tsintar kokwamba." Ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. "Tsohon za mu nema."

Talata tun da safe muka shiga kasuwar kayan miya. Jama'a, ban san lalle yana da kasuwa haka a duniya ba. Duk tsohon da ka gani gemunsa ja ne, duk a-kori-kura fara ce, duk kokwamba iri ɗaya ce. Na rungumi mutum uku bisa kuskure, ɗaya har ya ɗaga mini sanda. Ba mu san sunansa ba, ba mu ɗauki lambar motarsa ba, wa yake ɗaukar lambar wanda ya yafe wa? Malam yana jan ƙafa a bayana yana yi wa masu tumatir huɗuba, su ce amin su nuna mana gaba. Muka wuni muka koma hannu wofi, muka ci kokwamba da gishiri.

Laraba da rana Baffa ya kira ya ce jiya an yi iska mai sanyi daga gabas, Nura har ya gyara sunguminsa. Na ce ina hanya.

Da la'asar muka shiga ɗan masallacin kasuwar, ba don nema ba, don salla. Ana sallamewa na juya dama, sai ga gemun a kafaɗata. Shi ma ya gane ni. Ya rungume ni yana kiran mutane yana nuna ni, daga gani labarina yake ba su, ga mutumin kirkin nan. Ya ja mu rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, ya sa aka kawo shayi mai madara da wani burodi mai faɗi.

Da ɗan Larabcinsa yake gaya wa Malam, Malam yana juya mini. Ya ce ranar nan na cece shi. An riga an rubuta masa laifi a baya, in aka ƙara ɗaya za a karɓe lasinsa. Motar nan ita ce cinsa, ita ce cin mutanen gidansa can ƙasarsu. Ya ce kullum bayan salla sai ya sa ni a addu'a.

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Ta ina zan fara? Mutum ya ce na yafe a gaban shaida, a shafa fatiha, sannan ya dawo ya ce a ba shi yafiyarsa? Ban taɓa ganin an yi ba. Na shanye shayin, na ajiye kofi, na miƙe na ce, "Malam, gaya masa gaisuwa muka zo. Tashi mu tafi."

Malam bai tashi ba. "Zauna."

"Malam, don Allah."

"Ka yi naka, ka bar shi ya yi nasa. Ba yaro ba ne da za ka ɓoye masa."

Ya juya ya gaya masa komai, a hankali, ba huɗuba wannan karon. Fasfo, jirgi, gona, ruwan shuka. Na ga ya kwatanta masa da hannu yadda ake sara rami a jefa iri. Ni dai kaina yana ƙasa ina ƙirga zaren buhu.

Tsohon ya tambayi abu ɗaya, Malam ya juyo mini: "Wai gonar ta mahaifinka ce?" Na ɗaga kai. Ya ce wani abu gajere. Malam ya ce, "Ya ce shi ma tasu tana can, ƙaninsa ne yake nomawa, rabonsa da ganinta tun gemunsa yana baƙi." Sai ya tashi ya wanke hannu, ya gyara hula, ya zaro makullin motarsa daga aljihu ya yi gaba. Muka bi shi.

A ofishin 'yan sanda an wanke mu tas. Jami'in ya ce wa ya ba mu izinin barin wajen? Wa ya ce mu ne alƙalai? Na buɗe baki zan yi bayanin tarbiyya, Malam ya taka mini ƙafa. Tsohon ya tsaya ƙyam ya ce shi ya shigo ba hannunsa ba, laifinsa ne. Aka duba motocin biyu, aka duba kyamara, ga mu kuwa mu uku a durƙushe muna tsintar kokwamba, har jami'in ya kira na kusa da shi ya zo ya gani. Aka ci mu tarar barin waje, ni da shi, nan ragowar kuɗin tsarabata suka ƙare. Aka ba ni takardata. Shi kuma aka karɓi lasinsa aka ce sai bayan wani lokaci.

Da muka fito na rasa inda zan sa idona. Na cire agogona na miƙa masa, ya ture. Na ciro wayata, ya ɓata rai. Ya yi magana yana ɗan murmushi, Malam ya ce, "Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa barcin rana ba, yanzu gwamnati ta ba shi hutu." Sannan ya kama haɓata kamar ranar farko, ya ce in na yi shuka in sa masa rami ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, a bakin titi na yi kuka, kuma ba ƙurar da zan ɗora wa.

Alhamis da safe na kai wa Jan Biro takarda. Ya karanta ta sama da ƙasa, ya buɗe durowa ya miƙo fasfo. Hajiyar ta yi aikinta, ko sisi bai ƙara nema ba. Ya ce in na sake zuwa in neme shi. Na ce in dai ya ga na dawo, to sato ni aka yi.

Juma'a a masallacin garinmu na yi ta, kamar yadda na faɗa. Muna fitowa gabas ta yi baƙi ƙirin. Baffa ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Da ka ƙara kwana ɗaya." Bai ƙarasa ba. Kafin la'asar aka tsuge da ruwa, irin wanda ake shuka da shi. Na tsaya a tsakar gida ina shaƙar ƙasa har Inna ta ce in shigo kar a ce na dawo da taɓin hankali.

Washegari da sassafe muka fita. Ina gaba da sungumi ina sara, Inna tana biye da ƙoƙon gero tana jefawa tana rufewa da dunduniya, don ta ce ita ba za ta zauna a gida ba ranar da ɗanta ya dawo gonar ubansa. Ramin farko na ce na wani tsoho ne, ta ce wane tsoho? Shi ke nan ta tono ni. Na jingina da sungumi na fara. Nura ya tsallako gamba ya zo, na gonar kusa ma suka matso. Na ba su tun daga awaki, na zo kan shataletale na gyara murya. Na nuna musu yadda motar ta lotsa, na ce wadda kuɗinta zai sayi rabin garin nan, amma na dubi tsohon nan na daki ƙirji na ce, Baba, na yafe.

Maza suka ce kai, Tasi'u, ka yi halin manya. Ina jiran in ji ta bakin Inna, ko za ta sa mini albarka ta manta da zancen atamfa. Ta sauya wa ƙoƙon hannu, ta dube ni tun daga hula har ƙafa.

"Yo motar gadon ubanka ce da za ka yafe? Sara rami mu wuce, ƙasa tana shan iska."